Harshe Ɗaya, Fahimta Biyu: Tsokaci a Kan Abota

Masu iya magana sun ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai dai shi harshe ya san inda aka cije shi, ya kuma san wanda ya cije shi. Ita kuwa abota sau da yawa takan mutu ba tare da ɗaya daga cikin aminan ya san ranar da ya ji wa ɗan'uwansa rauni ba. Tambayar da muke son tattaunawa ita ce: idan aminai biyu suka dubi abu guda kowa ya ga nasa daban, wane haƙƙi ne ya rataya a wuyan kowannensu?

Garin Kafanchan wuri ne da ya dace mu nemi amsa. Garin ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun daga 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Nan Fantswam da Kaninkon da Bajju suka cuɗanya da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da tasha da masallaci da coci. Musulmi da Kirista kowa "Allah" yake kira. To, a nan tarkon yake. Da yake bakinmu ɗaya, sai mu ɗauka cewa abin da muka faɗa shi ne abin da aka ji.

Mu ɗauki misalin sunaye. Bahaushe kan ce Kaje ko Kataf ko Jaba ba da nufin komai ba, domin haka ya tashi ya ji. Amma masu abin suna kiran kansu Bajju da Atyap da Ham, kuma da yawansu na jin cewa sunan da wani ya laƙaba musu yana ɗauke da tarihin raini. Haka shi ma Bahaushen da aka haifi kakansa a Kafanchan, idan abokinsa ya kira shi "baƙo" cikin raha, abin da zai ji shi ne ana nuna masa hanya. Mai magana ya manta kafin magariba, wanda ya ji kuwa ya kwana da ita.

Abin da ke faruwa tsakanin mutum biyu shi ne ke faruwa tsakanin al'ummomi. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai wa'azi ya ambaci ayoyin Alƙur'ani a taron ɗalibai Kirista. A wurin masu taron, wa'azi ne a cikin taronsu. A kunnen ɗalibai Musulmi, taɓa abin da ya fi komai tsarki ne. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Haka kuma a Fabrairun 1992, batun sauya wa kasuwar Zangon Kataf matsuguni ya jawo zubar da jini, wanda ya ƙazanta a watan Mayu. Wasu sun ga gyaran kasuwa da buɗe wa kowa ƙofar ciniki, wasu sun ga yunƙurin raba su da abincinsu. Waɗanda suka sha hura a ƙwarya ɗaya suka wayi gari suna gaisawa daga nesa.

Wani zai iya cewa: ai ba duka ne rashin fahimta ba, akwai hamayya ta gaske a kan ƙasa da sarauta da mulki. Wannan gaskiya ne, kuma kiran koken mutum "rashin fahimta" na iya zama wata hanya ta danne shi. Ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju a 1995 ya nuna cewa akwai buƙatun da magana mai daɗi kaɗai ba ta biya. Amma wannan hujja ƙara mana nauyi ta yi. Domin ta yaya za mu bambance ainihin saɓani da wanda zato ya haifa, in ba mu zauna mun tambaya ba? Mai tambaya ba ya ɓata.

Saboda haka muna ganin cewa haƙƙin abota bai kai ga sai ka ga abu yadda amininka ya gan shi ba. Abin da ya wajaba shi ne ka san yadda ya gan shi, har ka iya bayyana ra'ayinsa ya ce, "Haka nake nufi." Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori masu gaba da juna a rikicin 1992 da ya watsu zuwa Kaduna. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna. Babu wanda ya bar aƙidarsa a cikinsu; abin da suka bari shi ne yanke wa juna hukunci daga nesa. Sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda wakilan al'ummomi 29 suka sa wa hannu a Maris na 2016, ita ma ta biyo bayan zama ne da sauraren juna.

Mu da muke jami'a, inda ɗan Zonkwa da ɗan Daura ke kwana a ɗaki ɗaya, mun fi kowa samun damar wannan zama. Idan kalmar aboki ta soke mu, kada mu kai ta majalisar 'yan garinmu, inda kowa zai ƙara mata gishiri. Mu mayar masa da ita, mu tambaye shi abin da yake nufi. Idan kuma shi ne ya ce tamu ta soke shi, kada mu ce ai wasa ne, domin wanda ya ji zafi shi ya san inda ƙaya ta shiga. Zato kan yi wa mutum saurin amsa, amma abotar da aka gina a kan tambaya ita ce ke tsallake ranar tashin hankali.