Ladan Malami: Bashi Ne Ko Alfarma?

A hutun da ya wuce na raka baffana, watau yayan mahaifina, zuwa wurin tantance 'yan fansho a hedkwatar ƙaramar hukumarmu. Tun bayan sallar asuba muka kama hanya, amma ko da muka isa sai muka tarar tsofaffi sun riga sun cika gindin dalbejiyar da ke bakin ofis, kowa rungume da fayil ɗinsa cikin leda, sai ka ce ɗalibai ranar jarrabawa. Galibinsu tsofaffin malaman firamare ne. Abin da ake nema a wurinsu shi ne su nuna takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta barin aiki, sa'an nan su tsaya gaban akawu ya gan su da idonsa, ya tabbatar ba su mutu ba. Sai wajen la'asar aka kira Baffa. Da muka fito, yana share gumi da hannun rigarsa, sai ya ce mini, "To, alhamdu lillahi, ɗana. Gwamnati ta taimaka, an ce za a rage mana wani abu daga cikin ariyas ɗinmu."

Kalmar nan "taimaka" ita ce ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Shin kuɗin da ake ba malami bayan ya ajiye alli taimako ne da ya kamata ya yi godiya a kansa, ko kuwa bashi ne da yake bi? A ganina bashi ne, kuma rashin kiransa da sunansa na gaskiya yana daga cikin abubuwan da suka sa ake jinkirta biyansa ba tare da jin kunya ba.

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmar lada. Bahaushe yana amfani da ita ta fuska biyu. Akwai ladan ɗinki da ladan aski da ladan dako, waɗanda ake biya nan take, hannu da hannu. Akwai kuma ladan da mutum yake fatan tararwa a lahira. Ban taɓa jin wanda ya karɓi rigarsa a wurin tela ya ce masa ladan ɗinkinsa yana lahira ba, domin ya san ba zai fita da rigar ba. Malamin makaranta ne kaɗai aka mayar wa ma'ana ta biyu ta maye gurbin ta farko, har maganar ta zama kamar karin magana, shi kansa malamin yana faɗinta yana dariya. Ba na musun ladan lahira, amma wanda yake da ikon ba da shi daban ne da wanda ya rubuta takardar ɗaukar aiki. Hukumar da ta ɗauki malami ba ta da taskar lahira a hannunta, saboda haka ba ta da hurumin tura mai binta bashi can.

To, daga ina bashin ya samo asali? An ɗauki Baffa aiki a shekarar 1976, lokacin da gwamnatin soja ta buɗe shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, aka shiga neman malamai ruwa a jallo. Ya koyar a ƙauyuka huɗu, wasu ma keke ba ya shigarsu da damina, ya bar aiki a 2011 bayan shekara 35. Tsarin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa shi ne tsohon tsari, wanda Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979 ta shimfiɗa: ma'aikaci ba ya zuba komai, amma gwamnati ta ɗauki alkawarin in ya gama za ta ba shi garatuti a dunƙule sau ɗaya, sa'an nan fansho kowane wata har ƙarshen ransa, gwargwadon albashinsa na ƙarshe da yawan shekarunsa a bakin aiki. Wani zai ce ai ga shi nan, tun da bai zuba ba, kyauta ce. Wannan kuskure ne. Saurayin da ya yarda ya karɓi ɗan albashin malanta, ya bar kasuwa ya bar noman rani, ya yi haka ne yana sane da alkawarin da ke ƙarshen hanya. Watau an kasa ladansa kashi biyu, an ba shi ɗaya a hannu, an ce ɗayan a bari a ajiye masa. Abin da aka karɓa da sunan ajiya kuwa amana ne, kuma mai riƙon amana ba a gode masa don ya mayar da rabi bayan shekara biyar.

Tsarin Mulkin 1999 ma haka ya ɗauki al'amarin. Sashe na 173 game da ma'aikatan tarayya, da na 210 game da na jihohi, sun kira fansho haƙƙi, sun hana a riƙe shi ko a sauya shi ta yadda zai cuci mai shi, sun kuma ce a sake duba shi duk shekara biyar, ko kuwa duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda duk ya riga zuwa. Mai karatu ya lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. A shekarar da Baffa ya bar aiki mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne. A 2019 ya koma 30,000, a 2024 ya koma 70,000. Da na tambaye shi ko ya san kowane ƙari daga cikin waɗannan ya wajabta a waiwayi nasa fanshon, sai ya dube ni ya ce, "Wa zai gaya mana?" Mutumin da ya koya wa dubban yara tarawa da ɗebewa bai san lissafin abin da yake bi ba.

Malaman da ke bakin aiki yanzu, da mu da za mu bi sahunsu (don kada mu ruɗi kanmu, mafi yawan masu digirin Hausa aji ne makomarmu), wani tsari ne ya shafe mu. A 2004 aka yi dokar gyaran fansho wadda ta kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa, aka ce ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya zuba kamar haka. Dokar 2014 ta ɗaga zubin ya koma kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukarsa, ana lissafawa a kan tushen albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Alal misali, in jimlar waɗannan Naira 100,000 ce, to 18,000 ya kamata ta shiga asusun malami kowane wata, a hannun kamfanin kula da fansho wanda shi ya zaɓa, ana juya ta tana haihuwa. In ya yi ritaya yana iya ɗibar wani kaso a dunƙule, sauran kuma ko dai kamfanin ya riƙa tsakuro masa wata-wata, ko ya miƙa shi ga kamfanin inshorar rai ya riƙa biyansa muddin yana numfashi. Wannan shi ne asusu irin na yara, kowa da nasa, abin da ka jefa shi za ka fasa ka tarar. Sai dai kowace jiha takan yi tata dokar. Jigawa, misali, tun 2001 ta zaɓi abin da ya fi kama da adashi: kowa yana zubi a tukunya ɗaya, wanda lokacinsa ya yi ya kwasa bisa ƙa'idar albashi da shekaru.

A nan gardamar kyauta ta mutu murus, domin kuɗin daga albashin mutum aka yanke shi, yana gani a takardar biya. Dokar 2014 ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya kai zubin, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Uwar adashin da ta karɓi zubi ta yi biki da shi mun san sunan da mata suke kiranta da shi a unguwa. Ban ga dalilin da zai sa a sauya sunan don mai riƙon tukunyar yana da tambari da sakatare ba.

Maganar lafiya ta fi wannan ciwo. Baffa yana da hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da ba a warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa su da magani har iyakar rai. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka yi dokarsa a 1999 ya fara aiki a 2005, an ɗaure shi ne a jikin albashi: ana yankar wani abu, shirin ya ɗauki nauyin ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. (Wanda ya tsara wannan adadi da alama bai leƙa gidajenmu ba, amma wannan zance ne na wata rana.) Jihohi da suka kafa nasu hukumomin daga baya galibi wannan sawu suka bi. To, hikimar inshora ita ce ta gayya: mai ƙarfi ya yi noma a gonar wani yau, domin ran da ya kasa a zo tasa. Amma tun da an ɗaure shirin da albashi, ran da albashi ya tsaya katin asibiti ma yakan tsaya. Mutum ya yi zubi a shekarun da ba ya ganin likita sai zazzaɓin damina, sa'an nan a sallame shi daidai lokacin da gwiwa da ido da zuciya suka fara neman haƙƙinsu. An ci gayyarsa, ran tasa gayyar kowa ya ce yana da uzuri. Irin su Baffa kuwa, da suka gama aiki kafin shirin ya iso ƙananan hukumomi, ko ƙofar ba su taɓa shiga ba.

Gaskiya ne an yi gyara. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, tsofaffi suna cikinsu, akwai kuma hanyar da ɗan fansho zai biya wa kansa kuɗin shekara ya shiga, wasu jihohi ma sun fara shigar da 'yan fanshonsu. A shekarar 2022 ce kuma aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Duk abin yabo ne. Amma a duba ƙofar da aka buɗe wa tsohon hedimasta: ko ya biya daga fanshon da bai ishe shi ba, ko ya shiga layin marasa galihu. Ta ƙofa ta biyu ya sake komawa mai karɓar sadaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 darajar Naira ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, na sha ganin Baffa yana raba ƙwaya biyu domin ta kai shi ƙarshen wata.

Na san akwai masu ja. Wani abokina ɗan sashen tattalin arziki ya ce da ni gwamnati ba ta da kuɗi, ga matasa ba aikin yi, ga asibitoci da hanyoyi. Na yarda kuɗi ba ya isa. Sai dai matalaucin da ake bi bashi yakan je ya ba da haƙuri, ya faɗi ranar biya, ba ya kiran maroƙa ran da ya biya rubu'i. Rashin kuɗi yana iya zama uzurin jinkiri, amma ba ya mayar da bashi kyauta.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta mahaifina. Shi cewa ya yi tun kaka da kakanni 'ya'ya ke riƙon iyaye, kuma godiyar Baffa halin dattako ce, ba jahilci ba. Mutumin da ya iya cewa alhamdu lillahi a kan kaɗan ya fi mai ƙorafi kwanciyar hankali. Na daɗe ina juya wannan magana, don akwai gaskiya a cikinta, kuma ba na son in zama yaron da ya je jami'a ya dawo yana koya wa tsofaffi fushi. Abin da na iya fahimta shi ne, akwai bambanci tsakanin gode wa Allah da gode wa wanda ya riƙe maka kaya. Na farko yana ƙara wa mutum daraja. Na biyu kuwa, in ya yawaita, yana koya wa mai riƙon cewa abin nasa ne. Zumunci kuma bai kamata ya zama mafakar mai taurin bashi ba, domin duk Nairar da ɗan Baffa ya kashe a kantin magani an ɗebe ta ne daga kuɗin makarantar jikokinsa. Haka bashin yake gangarowa ya faɗa kan waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka ci shi.

Akawun da ya bar su a rana har la'asar ba baƙo ba ne. Ɗan garinmu ne, ya girme ni da kaɗan, kuma Baffa ya ce shi ya koya masa karatu a aji uku. Bai zagi kowa ba, bai nemi na goro ba a gabana. Kawai dai yana yin aikin ne da fuskar mai raba zakka. Nan da 'yan shekaru wasunmu ne za su zauna a wannan kujera, wasunmu kuma, in rai ya kai, a gindin dalbejiyar.

Kafin in dawo makaranta na zauna na fassara wa Baffa abin da sashe na 210 ya ƙunsa da Hausa, na rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe saboda idonsa. Ya karanta sau biyu, ya gyara mini wani wuri da na manta ƙugiyar "ƙ", ya ninke ta ya sa cikin ledar fayil ɗinsa, a bayan takardar ɗaukar aikinsa ta 1976. Ya ce zai nuna wa shugaban ƙungiyarsu ta 'yan fansho ran taron wata.