Wasan Dodanni a Talabijin da Amanar Tarbiyyar Yaro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tambayar wannan mako ita ce: shin labarin da aka shirya domin yara su yi dariya ana yi masa hisabi kamar yadda ake yi wa sauran zantuka, ko kuwa da zarar an ce wasa ne an sauke alhaki ke nan? Da can wannan tambaya ba ta dami mutanen garuruwa irin su Gafasa, da Toranke, da Balare a ƙasar Ajingi ba, domin abin da yaro zai ji da dare bai wuce tatsuniyar kakarsa ba. Yanzu kuwa faifan tauraron ɗan'adam, da lantarkin hasken rana, da wayar hannu wadda ake tura wa fina-finai a shago, sun kai wasannin ƙasashen nesa har cikin ɗakunan ƙauye. Cikinsu har da wasannin da ake shirya wa 'ya'yan Amurka saboda bikin da suke kira Halowin.

Wannan biki ana yinsa ne a daren 31 ga Oktoba. Masana tarihi suna danganta asalinsa da wani bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sikotilan na dā, waɗanda suka ɗauka cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yakan yi rauni. Sunan kuwa ya samo asali ne daga jajiberin ranar tunawa da waliyyai, wadda Kiristocin Yamma suke yi ran 1 ga Nuwamba. 'Yan ƙaura daga Ailan suka tafi da al'adar Amurka a ƙarni na 19, a can ta zama bikin yara: su yi shigar dodanni, a fafe kabewa a yi mata ido da baki, su riƙa bin gida gida suna karɓar alewa.

Ɗaya daga cikin shahararrun wasannin wannan biki shi ne Halloweentown, wanda tashar Disney Channel ta fara nunawa a watan Oktoba na 1998. Mutane ne sosai suka fito a cikinsa, ba zanen hannu ba ne. Labarin wata yarinya ce mai shekara 13 ana kiranta Marnie, wadda uwarta ta hana ta da ƙannenta biyu shiga shagalin Halowin ba tare da ta gaya musu dalili ba. Da kakarsu ta zo ziyara, sai yarinyar ta laɓe ta ji cewa su jinin matsafa ne, kuma in ba a fara koya mata tsafi a wannan shekara ba baiwar za ta ɓace. Sai ita da ƙannenta suka sulale cikin dare suka bi kakar zuwa wani gari na fatalwa da dodanni. A can suka tarar magajin garin, Kalabar, shi ne mugun da ke shirin mamaye duniyar mutane. Yaran suka tattara kayan haɗin tsafi, suka tayar da wani abin asiri, iyalin suka haɗa ƙarfi suka ga bayansa. A ƙarshe uwar ta sauko, ta yarda a koya wa 'yarta.

Kafin a shiga aibobin wannan wasa, wajibi ne a tabbatar da cewa Musulunci ba ya gaba da wasan yara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci ranar idi, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya tsaya domin Nana A'isha ta kalla. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ga wani doki mai fukafukai cikin 'yartsanarta, ya tambaye ta, amsar da ta bayar ta sa shi dariya. Ashe ke nan ƙirƙirar abin da babu shi, kamar doki mai fiffike, ba laifi ba ne a wasan yaro. Abin dubawa shi ne darasin da wasan ya bari a zuciya bayan an tashi.

Aibi na farko shi ne yadda wasan ya raba sihiri gida biyu, na kirki da na mugunta, ya kuma mai da shi gādo abin alfahari. Malaman lugga sun ce kalmar sihiri a Larabci tana nufin abin da dalilinsa ya ɓuya ya yi laushi, kuma baƙaƙenta guda ne da na kalmar sahur, watau abincin da ake ci a ɓoyen dare kafin alfijir. Shari'a ba ta raba shi gida biyu ba. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa masu koyonsa suna koyon abin da ke cutar da su ne, ba ya amfaninsu, hadisin manyan zunubai bakwai masu halakarwa kuwa ya ambace shi nan da nan bayan shirka.

Wani zai ce miliyoyin 'ya'yan Amurka sun kalli wannan wasa, ba a kuwa ji sun zama bokaye ba. Wannan gaskiya ne, amma fa ƙasa ta bambanta da ƙasa. Su can sun rataye mutum 19 a garin Salem a shekarar 1692 bisa zargin maita, suka yi nadama, har zancen ya koma rigar wasa wadda ake sawa dare ɗaya a cire. A ƙasar Hausa kalmar mayya har yanzu tana kisa. A farkon 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a gonarta, a wani ƙauye na yankin Wudil, maƙwabcin Gaya da Ajingi, a shekarar 2023. Tushen zargin kuwa mafarki ne da wata mara lafiya ta yi. Camfin da ke bayan irin wannan ɗanyen aiki shi ne cewa maita a jini take, uwa tana ba 'ya, har akan ƙi auren zuri'a guda saboda shi. To, wasan da ya ce wa yaro lalle akwai gidajen da ake gādon asiri daga kaka zuwa jika, ko da ya nuna kakar mai fara'a ce, ya ƙara wa wannan camfi ƙarfi ne a zuciyar yaron da gobe zai ji ana nuna wata tsohuwa a unguwarsu.

Aibi na biyu ya shafi matsayin uwa. A tsarin labarin, duk abin da uwa ta hana shi ne alheri, duk matakin da yarinya ta ɗauka na saɓa mata kuwa, daga laɓe zuwa sulalewa cikin dare, shi ne ya kai ga nasara. Babu inda yarinyar ta ɗanɗana kuɗar fitar da ta yi da ƙanana biyu ba da izini ba. Suratu Luƙman ta haɗa godiya ga Allah da godiya ga iyaye, ta kuma yi togiya guda, watau in sun matsa wa ɗa ya yi shirka. Wasan ya juya wannan ma'auni, domin uwar da ke kare 'yarta daga tsafi ita aka nuna matsoraciya. Duk da haka adalci ya wajabta a faɗi cewa akwai wurin da labarin ya yi gaskiya: uwar ta yi hani ba bayani, ta ɓoye wa 'ya'yanta abin da ya shafe su, shi ya sa suka nemi amsa a wani wuri. Iyayen da ke kashe talabijin da tsawa ba tare da sun faɗi dalili ba, su duba kada su zama ita.

Aibi na uku na sana'ar labarin ne kanta, kuma yana da nasaba da ɗabi'a. Yara uku da ba su yi kwana guda suna koyo ba sun rinjayi wanda ya gagari manya, da ƙarfin so da haɗa hannu kawai. Labari mai kyau yakan nuna cewa abin da ake so sai an sha wuya. Almajirin da ya kwashe shekaru yana wanke allo kafin ya sauke, da yaron da ya bi ubansa gona tun daga shuka har girbin gero, sun san wannan. Labarin da ya ce buri kaɗai ya isa, shi ne farkon hanyar da ke kai baligi ƙofar boka neman kuɗi ba aiki, ko cin jarrabawa ba karatu.

Sai kuma batun tsoro. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai suna tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa don wasa, ya farka a firgice, sai Annabi (S.A.W.) ya hana a firgita Musulmi. In an hana wannan tsakanin manya, ina ga yaro ɗan shekara biyar? Tatsuniyar Hausa ma tana da dodo, amma tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Mai bayarwa yakan buɗe da kalmomin da kowa ya sani, ya kuma rufe da jingina ƙaryar ga Gizo, yaron kuwa yana jikin kakarsa yana jin muryar da ya saba da ita. Wasan da mutane na gaske suka fito a ciki ba shi da wannan ƙofa, ƙaramin yaro kuwa bai iya raba abin da idonsa ya gani da abin da ke akwai ba.

Hausawa suna da nasu daren shigar dodanni da bin gida gida, watau tashe, wanda akan fara bayan azumi ya kai kwana goma. Ana danganta sunansa da tashin mutane domin sahur. Yaro yakan manna gemun auduga ya zama tsoho, ko ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma su yi Mairama da Daudu su kwaikwayi zaman aure. Fifikon tashe shi ne kowa ya san ɗan wane ne a bayan gemun, abin da ake kwaikwaya kuma halin mutane ne, kamar rowa da kwaɗayi da lalaci, domin a yi dariya a gyara. Amma ba a ce tashe ba shi da nasa aibi ba. Akwai wasannin da ke ba'a ga wasu ƙabilu, alhali Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Akwai tozarta gwauro a bainar jama'a. A birni kuma ɓata-gari sun fake da shi suna ƙwace, har rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta hana shi a azumin 2022. Haka nan wasu fina-finan Hausa sun cika da bokaye da aljanu fiye da na Turawa, wasu iyaye kuma da dodo suke sa yaro barci, alhali hadisi ya nuna cewa ko alkawarin ƙarya da uwa ta yi don ta kira ɗanta ana rubuta mata shi ƙarya. Ma'auni ɗaya ne ga na gida da na waje.

Amsar tambayar ke nan: wasa halal ne, amma sunan wasa ba ya sauke alhaki, domin yaro da wasa yake koyon abin da zai girmama da abin da zai ji tsoro. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya duba abin da aka shirya a cikin jiha, amma hannunta ba ya kai ga abin da ke saukowa daga tauraro ko abin da ke cikin wayar yayan yaro. Wannan aiki na uba da uwa ne. Su fara kallon abu kafin yaro ya kalla, in kuwa ya riga ya gani, su zauna su tambaye shi: wa ya yi daidai a labarin nan, uwar ko 'yar? Da me aka ci nasara? Malaman Islamiyya na Gafasa da kewaye kuma suna iya ɗaukar tashe su tsabtace shi, su shirya wa ɗalibai a filin makaranta da la'asar, domin wanda aka karɓe wa abu ba a ba shi madadi ba zai koma ya nema a ɓoye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shiryi zuri'ar Musulmi, Ya kare tsofaffi daga ƙazafi, Ya ba iyaye ikon riƙe amana. Amin.