Tsakanin Kare Kai da Yin Ƙarya

Mu ƙaddara ɗan sanda ya kama ɗalibi a Wuse riƙe da buɗaɗɗiyar kwalbar giya, ya tuhume shi da yin maye a bainar jama'a. Shin ya kyautu ɗalibin ya musanta a Kotun Majistare?

Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar. Neman hujja haƙƙinsa ne, domin riƙe kwalba daban, maye daban. Amma in ya bugu, ya rantse bai kurɓa ba, ya kuɓuta daga tara, mutuncinsa ya biya. Mafi muni kuwa shi ne miƙa na goro a bakin titi, domin a nan shari'ar kanta aka sayar.