Rawar Hannu da Amanar Hoto

Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cik. Ko mutum ya riƙe numfashi, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, akwai 'yar karkarwa da ke gudana cikin tsokarsa sau 8 zuwa 12 a kowace daƙiƙa. Ido ba ya kula da ita, amma gilashin kyamara mai jawo nesa kusa yana tona mata asiri nan take. Shi ya sa tsofaffin masu ɗaukar hoto suke da ƙa'ida: idan gilashinka mai milimita 200 ne, kada ƙofar haske ta wuce kashi 1 cikin 200 na daƙiƙa a buɗe, in ba haka ba hoto zai fito dishi-dishi.

Kamfanonin Japan ne suka karya wannan ƙa'ida. A 1994 Nikon ya fitar da ƙaramar kyamara mai suna Zoom 700VR, a 1995 kuma Canon ya kawo gilashin EF 75-300mm IS, na farko irinsa da ake cirewa a ɗaura wa babbar kyamara. A cikinsa akwai ƙananan na'urori biyu masu jin motsi, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Da hannu ya karkata, sai su sanar da wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta sa maganaɗisu ya tura wani gilashi da ke reto a tsakiya, daidai gwargwadon da zai mayar da haske inda ya kamata ya sauka. Minolta ya bi wata hanyar a 2003: ya bar gilashi a wurinsa, ya riƙa motsa farantin da ke karɓar hasken. Yau ana haɗa dabarun biyu. Gilashin 1995 yana ba da sassaucin mataki biyu ne kawai, wato ninki huɗu na lokaci. A 2020 Canon ya ce EOS R5 tana kaiwa mataki 8 da wasu gilasai, ninki 256 ke nan.

A 2016 wani jami'in Olympus ya faɗi abin da ya ba mutane mamaki. Ya ce da wuya a wuce mataki shida da rabi, domin na'urorin sun yi kaifin da har suna jin juyawar duniya, digiri 15 a kowace awa, su ɗauka hannun mai hoto ne ke motsi. An tsallake wannan iyaka daga baya, amma maganar ta bar abin tunani: ƙasar da mai hoto ya dogara da ita don ya tsaya daram, ita ma tafiya take yi.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kaza ya juya jikinta ya ga kanta ya kafe wuri guda, wuya na miƙewa yana lanƙwashewa, ido bai bar abin da yake kallo ba. Mutum ma an yi masa irin wannan baiwa. A can cikin kunnensa akwai bututu uku masu ruwa da ke auna juyin kai, suna aika wa tsokar ido umarni ta juya akasin haka cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawa ba. Da wannan ne mai tafiya a kan babur yake iya karanta allon gefen titi. Waɗanda cuta ta lalata musu wannan sashe na kunne suna ganin duniya tana tsalle duk takun da suka yi. Ashe gani da kansa gyararre ne tun daga halitta. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, ya riga ya nuna cewa ido haske da launi kaɗai yake karɓa, sauran aikin na hankali ne: shi ke kwatantawa, ya gane nisa da girma da siffa. Saboda haka mai cewa hoton da aka daidaita jabu ne domin na'ura ta sa hannu a ciki, sai ya fara tuhumar idonsa.

Sai dai rawar hannu ba kullum take zama aibi ba. Ranar 22 ga Nuwamba 1963, a birnin Dallas, wani mai sana'ar tufafi, Abraham Zapruder, ya ɗauki fim na daƙiƙa 26 da 'yar kyamararsa yayin da aka harbe Shugaban Amurka John Kennedy. Fim ɗin ba shi da sauti. Luis Alvarez, masanin kimiyyar fiziks da ya ci kyautar Nobel a 1968, wanda shi kansa ya yi aiki a kan gilasai masu hana girgiza, ya zauna ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana auna inda suka yi dishi. Hujjarsa ita ce mutum yakan zabura idan ya ji ƙarar bindiga, zaburar kuma takan bar tabo a hoto. Ya buga bincikensa a 1976. An yi ta jayayya a kan sakamakon, har yau ba a gama ba, amma abin lura shi ne inda ya nemo shaidar: a cikin firgitar wanda ya riƙe kyamara. Da Zapruder yana riƙe da irin ta yau, da na'ura ta shanye wani ɓangare na wannan firgita, an sami hoto mai tsabta, an rasa mutumin da ke bayansa. Wannan asara ce ta gaske, ko da ribar ta fi ta yawa.

Babbar tambayar ta fi wannan zurfi, kuma ta shafi malamai kai tsaye. Lokacin da kyamara ta shigo ƙasashen Musulmi, an yi muhawara ko hotonta ya shiga cikin surantawar da aka yi hani a kanta. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi. Dalilinsa shi ne mai kyamara bai ƙirƙiri sura ba, inuwar abin da Allah Ya halitta ya tsare, kamar yadda madubi ke nuna fuska. Malamai da yawa sun bi wannan fahimta, wasu sun saɓa. Gilashi mai hana girgiza bai taɓa wannan hujja ba ko kaɗan. Duk ɗigon hasken da ya sauka a faranti daga jikin abin da aka ɗauka ya taso. Na'ura hanya kawai ta gyara masa.

Wayoyin hannu ne suka fara matsar da iyakar wannan hujja. A 2018 Google ya fito da dabarar da ke ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, ta yi amfani da rawar hannun mai waya, tunda kowane hoto ya ɗan goce daga ɗan'uwansa, ta haɗa su su ba da bayanin da guda ɗaya ba zai bayar ba. Idan aka kafe wayar ta daina motsi, sai ta girgiza gilashinta da kanta. Har a nan ana iya cewa haske ne aka tara, duk da cewa hoton da ya fito bai dace da wata daƙiƙa guda da ta taɓa faruwa ba. Amma a 2023 wani ya nuna hoton wata da ya dusashe da gangan a fuskar kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai ga wata ya fito da ramuka da zane-zanen da babu su a abin da wayar ta kalla. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata, ta ƙara masa bayani da abin da aka koya mata. Ga al'ummar da azuminta da sallarta suka rataya a kan shaidar wanda ya ga jinjirin wata, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Malaman hadisi suna da ma'auni da ya dace da wurin. Sun yaba wa mai ruwaya da ya kiyaye abin da ya ji bai bari ya gurɓace ba. Sun kuma ware babi guda ga maganar da mai ruwaya ya cusa cikin nassi, suka kira ta mudraj, suka dage sai an rarrabe ta ko da abin da ya cusa gaskiya ne, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Ramukan da wayar ta zana suna nan a jikin wata, ba ƙarya ba ne. Laifin shi ne an gabatar da su a matsayin abin da aka gani a wannan dare.

Masu bibiyar kasuwar kyamara ba sa gajiya da hasashen gilasan da ke tafe: wane ne zai zo da na'urar hana girgiza a cikinsa, wane ne zai bar wa jikin kyamara aikin don ya yi sauƙin nauyi da kuɗi, mataki nawa za a ƙara. Suna tono takardun mallakar fasaha da kamfanoni ke shigarwa, alhali da yawansu ba sa zama kaya a kanti. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne yadda sababbin gilasai ke ƙara dogaro da manhaja: wasu ana ƙera su da karkata da duhun gefe da gangan, a bar wa kwamfutar kyamara ta miƙe su. A ɗaya ɓangaren kuma, a Oktoba 2023 Leica ya fitar da M11-P, kyamara da ke liƙa wa kowane hoto sa hannu na lantarki mai nuna asalinsa, ta yadda za a iya bin sawun gyaran da aka yi masa daga baya. Isnadi ke nan aka yi wa hoto.

Gyaran da ke taimakon haske ya isa inda ya nufa ba shi da wata illa ga amana, kuma mai hoto ya yi amfani da shi hankali kwance. Ƙarin da na'ura ta kawo daga rumbunta kuwa dole a bayyana shi. Ya kamata alƙalai da editocin jaridu da kwamitocin ganin wata su fara tambayar duk wanda ya kawo musu hoto a matsayin hujja: da wace na'ura aka ɗauka, kuma ina asalin fayil ɗin kafin manhaja ta taɓa shi?