Ina Adalci In Ƙarfi Ya Bambanta?

A shekarar 1974 waɗansu mutane biyu na ƙasar Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Yadda ake yinsa, abokai ne za su kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labarin yana faɗin abin da zai aikata. In an zo wurin shakka sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita ce za ta nuna ko an ci nasara.

Da fari iri uku ake zaɓa: mayaƙi, da masihirci, da malami mai warkarwa. A 1975 aka ƙara ɓarawo, mai buɗe kwado da kwance tarko. To, ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Mayaƙi tun ranar farko yana da sulke da takobi. Masihirci kuwa sihiri ɗaya tak yake iya yi a yini, sara guda na iya kashe shi, ga shi sai ya tara maki 2,500 zai hau mataki na biyu, alhali mayaƙi 2,000 sun ishe shi. Amma in ya daure ya yi nisa, sai ya zama shi kaɗai yana watsa runduna, mayaƙi ya koma ɗan kallo.

Waɗansu suka ce wannan adalci ne, gama wanda ya sha wuya da farko ya ci riba daga baya. Sai dai maganar tana da rami. Sau da yawa taron abokai yakan watse kafin a kai can, masihirci ya tashi da wuya ba riba. In kuwa an kai, mayaƙi ne zai zauna dare bayan dare ba a bukatarsa. Ashe zaluncin bai gushe ba, karɓa-karɓa aka yi da shi.

A 2008 masu wasan suka fito da bugu na huɗu, suka zuba kowane iri bisa tsari ɗaya, kowa da dabarun da zai yi kullum da waɗanda zai yi sau ɗaya a yini. Ƙarfi ya kusa daidaita, amma mutane da yawa suka koka, wai mayaƙi da masihirci sun zama kamar tagwaye. A 2014, cikin bugu na biyar, aka mai da mafi yawan bambancin.

Abin lura a nan shi ne, abin da ke cin ran ɗan wasa ba a fi shi ƙarfi ba ne, a yi ba shi ne. Mutum yakan haƙura da abokinsa ya fi shi sara, muddin akwai ƙofar da ba mai buɗe ta sai shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yatsun hannun kuma ba su zo daidai ba, duk da haka kowanne da aikinsa.

Saboda haka nauyin yana wuyan mutum biyu. Jagora ya shirya labari yadda kowa zai sami lokacin da idanu za su koma kansa. Mai ƙarfi kuma ya san sa'ad da zai janye hannu, ya bar ɓarawo ya kwance tarkonsa, ko da sihirinsa zai iya. In suka ƙi, wata rana za a duba tebur a ga kujera guda ba kowa. Mai ita bai yi faɗa da kowa ba, ya dai gane ba a rasa kome in bai zo ba.