Wa Ke Da Ikon Cewa A Ci Gaba Da Wasa?

Ranar Juma'a 8 ga Janairun 2010, saura kwana biyu a buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka a Angola, tawagar ƙwallon ƙafa ta Togo ta baro Pointe-Noire a Kongo Brazzaville, inda ta yi atisaye, ta nufi Cabinda a mota. Jim kaɗan da tsallake iyaka 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin wuta, duk da rakiyar jami'an tsaron Angola. 'Yan wasa suka kwanta ƙarƙashin kujeru ana ta musayar wuta a kansu. Mataimakin koci Amélété Abalo da jami'in hulɗa da 'yan jarida Stanislas Ocloo sun rasu sakamakon raunukan da suka samu. Ɗan wasan baya Serge Akakpo ya ji rauni. Gola Kodjovi Obilalé, mai shekara 25, harsashi ya same shi a ƙugu, aka garzaya da shi Afirka ta Kudu, kuma daga ranar ƙwallo ta ƙare masa.

Tawagar ta koma gida, aka yi gasar babu ita. Ranar 30 ga watan, jajibirin wasan ƙarshe, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka CAF, ƙarƙashin Issa Hayatou, ta sanar da cewa ta haramta wa Togo shiga gasa biyu masu zuwa, ta kuma ci ta tarar dala 50,000. Laifinta: ta janye bisa umarnin gwamnati.

Duk wanda ya ji wannan hukunci a karon farko zai ce rashin imani ne, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Amma idan muka tsaya a nan mun sauƙaƙa wa kanmu, domin CAF tana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin dalilin wannan doka. A 1996 Super Eagles ce ke riƙe da kofin, amma gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana ta zuwa Afirka ta Kudu ta kare shi. Abin da aka faɗa a baki shi ne ba a da tabbacin tsaron lafiyar 'yan wasa. Abin da kowa ya sani shi ne rikicin da ya ɓarke tsakanin Abacha da Nelson Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamban 1995. CAF ta hana Najeriya shiga gasar 1998, kuma ɗaya daga cikin tawagogi mafi ƙarfi da ƙasar ta taɓa haɗawa ta rasa gasa biyu a lokacin da tauraronta ke tsakiyar haske. Wato kalmar "tsaro" takan zama mayafi ga mai mulki. Idan kowace gwamnati za ta iya kiran 'yan wasanta gida duk lokacin da ta ga dama, gasa ba za ta tsayu ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma irin wannan matsala ita ce abincinmu na kullum. Kana rubuta ƙa'ida ne kana kallon abin da ya saba faruwa: idan kaza ya faru, a yi kaza. Wata rana sai wani abu ya shigo wanda a siffa ya dace da ƙa'idar, a ma'ana kuwa ya yi hannun riga da dalilin da ya sa aka rubuta ta, kwamfuta kuma ta zartar ba tare da ta waiwaya ba. Janyewar Najeriya a 1996 da ta Togo a 2010 siffarsu ɗaya: gwamnati ta ce a dawo, an dawo. Amma a ɗaya babu ko kwarzane, a ɗayar akwai gawa biyu a cikin jirgin da ya koma Lome. Kwamfuta tana da uzuri idan ta kasa bambance su. Mutanen da suka zauna a kwamitin zartarwa na CAF suna da ido da kunne, sun kuma ga hotunan da duniya ta gani, sai suka zaɓi su yi aiki irin na na'ura saboda hakan ya fi musu sauƙi. Mai cewa "doka ce" a irin wannan wuri yana neman inda zai ajiye nauyin hukuncinsa ne, don kada a ce shi ya yanke.

Sai dai tambayar da ta fi damuna ta riga hukuncin. Me ya kai gasar Cabinda tun farko? Cabinda yanki ne da ba ya manne da sauran Angola, wani zirin ƙasar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ya raba su, kuma daga gaɓar tekunsa ake haƙo kaso mai tsoka na man fetur ɗin ƙasar. Ƙungiyar 'yan aware ta FLEC ta shafe shekaru da dama tana yaƙin ɓallewa. Yaƙin basasar Angola ya ƙare a 2002, aka sa hannu kan wata yarjejeniyar zaman lafiya ta Cabinda a 2006, amma wasu ɓangarorin FLEC ba su amince da ita ba, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauki alhakin harin. Duk da haka aka gina sabon filin wasa a can, aka sa birnin cikin huɗu da za su karɓi baƙi, tare da Luanda da Benguela da Lubango. A fahimtata, gwamnatin Angola tana son ta nuna wa duniya cewa Cabinda tata ce kuma ƙura ta lafa. Hanya mafi sauƙi ta nuna hakan ita ce a ga Didier Drogba da Emmanuel Adebayor suna taka leda a wurin, domin Ivory Coast da Ghana da Burkina Faso da Togo ne rukunin da aka ajiye a birnin.

Wato 'yan wasan sun je ne a matsayin shaidu kan wata magana da ba su suka yi ta ba. Masu bindiga ma haka suka ɗauke su: allon da za a yi rubutu a kai duniya ta karanta. Ɓangarorin biyu ba daidai suke ba, wanda ya ɗana kunama shi ne mai kisa kuma babu abin da zai wanke shi. Amma wanda ya gayyaci baƙo gidansa don maƙwabta su ga babu wuta, alhali ya san akwai garwashi a ƙarƙashin toka, shi ma yana da amsar da zai bayar.

An yi ta nanata cewa laifin Togo ne, da ta bi ta jirgin sama kamar yadda masu shirya gasar suka ce ƙa'ida ta tanada, da ba a kai ga haka ba. Mai yiwuwa hukumar ƙwallon Togo ta yi ganganci. To amma a dubi abin da wannan uzuri yake amsawa da bakinsa: an san hanyar ba ta da aminci. Kuma shawarar hawa mota ko jirgi ba a hannun gola take ba. Ɗan wasa yana hawa abin da aka kawo masa ne. Masoya Kano Pillars ba su manta da Maris na 2015 ba, lokacin da aka harbi 'yan wasan ƙungiyar a hanyar Abuja zuwa Lakwaja za su wasan lig. A can ma waɗanda suka tsara tafiyar daban, waɗanda harsashi ya samu daban.

Wannan ba halin Afirka kaɗai ba ne. A gasar Olympics ta Munich a 1972, Jamus ta Yamma ta so ta goge hoton gasar Berlin ta 1936 da aka yi a ƙarƙashin Hitler, don haka da gangan ta sassauta tsaro a ƙauyen 'yan wasa, don kada baƙi su ga kakin soja da bindiga. Ranar 5 ga Satumba 'yan ƙungiyar Black September suka haura katanga, aka ƙare da mutuwar mutum 11 na tawagar Isra'ila da ɗan sandan Jamus ɗaya. An dakatar da gasar na sa'o'i 34, sannan shugaban kwamitin Olympics na duniya Avery Brundage ya tsaya a taron jimami ya ce dole wasanni su ci gaba. Sai a buɗe gasar Tokyo a 2021 aka yi shiru na girmamawa ga mamatan a bikin buɗewa, sai a 2022 shugaban Jamus Frank-Walter Steinmeier ya nemi gafarar iyalansu. Mai masauki ya so ya ba da labari mai daɗi game da kansa, wasu suka biya kuɗin labarin.

Masu cewa a ci gaba suna da magana mai nauyi, kada a raina ta. Idan harbi ɗaya zai tsayar da gasa, an koya wa kowane mai bindiga cewa harbi yana biya, kuma gasa ta gaba ta fi ta yau haɗari. Akwai kuma sauran ƙasashe 15 da suka zo Angola ba su yi laifin komai ba, da matashin da ya yi shekaru yana jiran wannan dama kuma ba lallai ta sake zuwa ba. Ni ban ce ya kamata a soke gasar 2010 ba. Abin da nake cewa shi ne, kalmar "a ci gaba" tana canza ma'ana gwargwadon bakin da ta fito. Idan wanda ya kwanta ƙarƙashin kujera yana jin harsashi na huda ƙarfe ya tashi ya ce zai buga, wannan jarumta ce. Idan wanda ke otal a Luanda, wanda kwangilar talabijin da ta masu ɗaukar nauyi ke kan teburinsa, ya faɗi kalmar kuma ya haɗa ta da barazanar tara, ya ari jarumtar wani ya yafa. Mutum yana iya sadaukar da abin da yake nasa. Ran wani da tsoron wani ba sa cikin kayansa.

A nan ne labarin ya ƙi miƙewa yadda nake so. 'Yan wasan Togo da farko sun ce gida za su. Daga baya suka zauna a tsakaninsu suka sauya shawara, suka ce za su buga don girmama waɗanda suka rasu. Gwamnatin Faure Gnassingbé ce, ta bakin Firaminista Gilbert Houngbo, ta ce sam, ta aika jirgi ya kwaso su, aka yi zaman makoki na kwana uku. Ke nan idan ma'aunina shi ne a bar wanda ya ɗanɗani wutar ya yanke, gwamnatin Togo ma ta taka shi. Ita ma ta yanke musu hukunci a kansu, kuma tana da zaɓen shugaban ƙasa a gabanta a watan Maris.

Duk da haka ba na ɗora su a sikeli ɗaya. Mutumin da kwana biyu da suka wuce ya riƙe abokinsa yana zubar da jini, amincewarsa tana buƙatar a yi mata tambaya ta biyu. Akwai kunyar abokan wasa, akwai tsoron a ce ya gudu, akwai gigitar da ba ta sake shi ba. Adebayor, wanda shi ne kyaftin, a watan Afrilun shekarar ya sanar da ajiye wa ƙasarsa wasa, yana mai cewa abin da ya gani bai bar shi ba. Sai a ƙarshen 2011 ya dawo. Wanda ya hana mai irin wannan hali komawa fili, idan ya yi kuskure, abin da aka rasa wasa uku ne ko shida. Wanda ya tilasta shi komawa, idan ya yi kuskure, abin da za a rasa ba ya dawowa. Mu ma a wurin aiki idan ba mu da tabbacin abin da ya lalace, mukan tsara manhaja ta tsaya cak maimakon ta ci gaba tana ɓarna, musamman inda kuɗin mutane ko lafiyarsu ke ciki. Tsayawa tana da tsada, amma tsadarta sananniya ce.

Kuma a lura da wanda hukuncin CAF zai faɗa wa. Firaminista ba ya buga ƙwallo. Haramcin gasa biyu yana kan mutanen da aka harba ne, waɗanda su ne ma suka ce a bar su su buga. An ɗage shi a watan Mayun 2010 bayan shugaban FIFA Sepp Blatter ya shiga tsakani, lokacin da Togo ta riga ta kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin wasanni. An ɗage shi ta hanyar sulhu, wanda ke nufin babu wanda aka tilasta ya tsaya ya ce hukuncin tun asali bai dace ba.

Shekaru 14 bayan haka, a Oktoban 2024, aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin jirgin Al Abraq a Libiya, aka bar su a can fiye da rabin yini babu abinci babu masauki. Kyaftin William Troost-Ekong ya yi ta wallafa halin da suke ciki daga wayarsa, ya kuma sanar cewa 'yan wasa sun yanke ba za su buga ba. Suka dawo gida. A wannan karon CAF ta ba Najeriya maki uku da ƙwallo uku, ta ci Libiya tarar dala 50,000, daidai adadin da ta taɓa ɗora wa Togo. Ana iya cewa hukumar ta koyi darasi. Ana kuma iya cewa Najeriya ba Togo ba ce wajen nauyi a teburin CAF, kuma a 2024 kowane ɗan wasa yana da kyamara da miliyoyin mabiya a aljihunsa, ya riga jami'ai isar da labarinsa. Na fi karkata ga bayani na biyu, kuma shi ne wanda ba ya kwantar min da hankali, domin yana nufin haƙƙin cewa "ba zan buga ba" yana hannun wanda ke da murya ne. Obilalé a lokacin da aka harbe shi yana tsaron ragar Pontivy ne, wata ƙaramar ƙungiya a ƙananan rukunonin Faransa. An yi masa tiyata sau da dama, ya koma tafiya da sanda, kuma ya sha fitowa a kafafen labarai yana cewa waɗanda suka shirya gasar sun manta da shi.