Ɗana, Buɗe Baki Ka Yi Turancin

Ɗana, kai da ka gama sakandare da kiredit a Turanci, amma da zarar baƙo ya tare ka da tambaya sai gumi ya karyo maka, kalmomi su gudu, da kai nake. Ke ma 'yata matso kusa, maganar ta shafe ki.

Ka fara sanin cewa ba daƙiƙanci ke damunka ba. Dubi yadda aka jarraba ka. A jarrabawar WAEC akwai takarda ta uku ta Turanci wadda aka ware domin furuci, tambayoyi 60, amma da fensir ake amsa su. Yaro zai cinye ta tas bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. JAMB kuwa gaban kwamfuta ake zama, tsit. Shekara 12 tsakanin firamare da sakandare ana horar da idonka da hannunka, harshe yana kwance. To, ranar da bautar ƙasa ta kai ka Inugu ko Kalaba, ko ka zauna gaban masu intabiyu, ko ka shiga jarrabawar IELTS inda za a yi hira da kai ta minti 11 zuwa 14, babu mai tambayar takardarka. Bakinka za a saurara.

Abin da ya fi ɗaure maka harshe kunya ce. Kana tsoron ka yi kuskure a yi maka dariya, kana kuma tsoron ka yi daidai abokai su ce ka fiye iyayi, wai ka zama Bature. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin na ga yara masu kaifin basira sun rasa gurbin da ya dace da su saboda shi kaɗai. Je ka Sabon Garin Kano ka tsaya a shagon ɗan kasuwar da ya zo daga kudu. Zai ce wa mace “ka zo”, ya ce wa namiji “ki biya”, a yi dariya, shi ma ya dara, ya ci gaba da cinikinsa. Kafin ka ankara ya iya taya kaya da Hausa har da karin magana. Bai taɓa riƙe littafin nahawu ba. Buƙata ce ta sa shi magana kullum, kuma bai ɗauki kuskure abin kunya ba.

Ka fara da kunne, amma kada ka tsaya nan. Wayar da ke hannunka ta isa. Muryar Amurka ta fara shirin Turanci na masu koyo a 1959, aka riƙa karanta labarai a hankali da kalmomi kusan 1,500. BBC ma tana da shiri na minti shida domin irinka. Ɗauki guda, ka saurari jimla, ka tsayar, ka maimaita da ƙarfi yadda na ɗaki zai ji ka. Ba a zuci ba, ɗana, da baki. Leɓe da harshe tsoka ce, sai an motsa su suke sabawa. Bayan haka ka naɗi muryarka ka saurara. Ba za ta yi maka daɗi da farko ba, amma a nan za ka ji inda kake tuntuɓe. Minti 15 kullum bayan asuba ya fi awa uku ranar Lahadi amfani.

Mu Hausawa muna da wuraren tuntuɓenmu sanannu, kuma kowanne da dalilinsa. Harafin f namu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa p da f na Turanci suke cakuɗe mana. Wajen f, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska. Wajen p, rufe leɓɓa gam sannan ka sake su lokaci guda. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, idan ta yi tsalle ka samu. Haka v take da b: ta farko da haƙora, ta biyu da leɓɓa. Sautin th kuwa, wanda muke mayarwa z ko s, sai ka leƙo da kan harshe tsakanin haƙora. Sannan Hausa ba ta son baƙaƙe su taru, sai mu cusa wasali a tsakaninsu, yadda muka samu burodi da sukurdireba. A Hausa daidai ne, a Turanci sai ka koyi haɗe su. Ka ɗauki guda ɗaya ka yi mako a kansa, kada ka tara su duka.

Ka daina haddace manyan kalmomi daga ƙamus don burge jama'a. Haddace gajerun jimloli cikakku: yadda ake gaisuwa, neman afuwa, roƙon a maimaita magana, bayyana rashin yarda cikin ladabi. Wanda ya tanadi irin waɗannan ba ya tsayawa yana juya Hausa zuwa Turanci a ka, mai sauraro yana jira.

Kada kuma ka wahalar da kanka wajen shaƙe hanci don ka yi kama da ɗan Amurka. Nemi jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, na ranar 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, da wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya cikin watan. Ka ji yadda yake fitar da kowace kalma a natse, babu gaggawa. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, a Midil ta Bauchi ya koyar, sai da ya haura shekara 30 ya je karo ilimi Landan a 1945. Kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka iya Turanci zai raba ka da harshenka, kada ka yarda, kada kuma Turancin ya sa ka raina Hausar mahaifiyarka.

Saura abokin hira. Nemi mutum ɗaya mai irin niyyarka, ku yanke lokaci, ko da tafiyar zuwa makaranta ce ko dawowa daga kasuwa, ku ce a wannan tsakanin Turanci kawai. Ku ba juna labarin ƙwallon jiya, ko abin da aka dafa a gida. Idan ya yi kuskure kada ka katse shi, kada ka yi dariya. Bar shi ya kai aya, sannan ka gyara masa tsakaninku. Ka roƙe shi ya yi maka haka. In ƙanwarka ta ji ku ta ce za ta shiga, ku ba ta wuri.